Darasi na 21: Koyon Faɗuwa

Jama'a, darasinmu na yau ya ƙunshi abu uku. Na ɗaya rubutu, na biyu renon 'ya'ya, na uku wata irin kokawa ta mutanen ƙasar Japan. Wani zai ce, "Malam, ina abin da ya haɗa alƙalami da kokawa?" To, ku biyo ni sannu a hankali, za ku ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka.

An kasa darasin kashi shida. In kun karanta kashi ɗaya, ku rufe littafi, kowa ya gaya wa na kusa da shi abin da ya ji, sa'an nan a ci gaba.

1. Abin da ke korar babba daga aji

In an buɗe ajin manya bayan kaka, mutane su kan cika shi maƙil. Kafin wata biyu sai ka ga tabarma ta fara yin fili. In ka bi sawun waɗanda suka daina zuwa, kowa da hanzarinsa. Wannan ya ce kasuwa, wancan ya ce ciwon ido, waccan ta ce goyo. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ainihin dalilin kunya ce.

Ga yadda abin ya kan faru. An kira mutum gaban allo. Ya rubuta kalma, ya yi kuskure. Wani yaro da ke leƙe ta taga ya ƙyalƙyale da dariya. Mutumin nan kuwa magidanci ne, a gidansa sai an durƙusa a ke gaishe shi. Sai ya ga kamar an kā da shi a tsakiyar kasuwa. Daga ran nan ba a sake ganin ƙeyarsa.

Ku duba hasarar da ya yi. In saƙo ya shigo wayarsa, sai ya nemi mai karanta masa, asirin gidansa ya koma bakin wani. In an ba ɗansa magani a asibiti, bai san abin da aka rubuta a jikin kwalba ba. In an kawo takardar jinginar gona, sai ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Ya guji kunyar yini ɗaya, ya ɗauko ta shekaru.

Alhali kuwa waɗanda suka girme shi sun zauna a aji. A ƙasar Kenya an yi wani tsoho mai suna Kimani Maruge. A 2003 gwamnatin ƙasar ta ce karatun firamare ya zama kyauta. A watan Janairu na 2004 sai ga tsohon nan a aji ɗaya, a garin Eldoret, yana da shekara 84. Ya sa gajeren wando irin na 'yan makaranta, ya zauna cikin sa'o'in jikokinsa. A 2005 aka kai shi Amurka, ya yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ilmin yara. Ya rasu a 2009.

Ga kuma Cif Olusegun Obasanjo, wanda ya shugabanci Nijeriya sau biyu, daga 1976 zuwa 1979, da kuma daga 1999 zuwa 2007. Bayan ya sauka ya ci gaba da karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda a ke karatunta daga gida. A 2017, yana da shekara 80, ya zauna gaban malamai suna yi masa tambayoyi kamar kowane ɗalibi, kafin su ba shi digirin dakta. Gaskiyar masu iya magana, gemu ba ya hana ilmi.

2. Baban Aji

Ni mai rubuta muku wannan darasi, na koyar da yara shekara tara, sa'an nan na koma kwaleji neman ƙarin ilmi. Lokacin ina da shekara 31, da mata, da 'ya'ya uku. 'Yan ajinmu yawancinsu samari ne da 'yan mata. Waɗansunsu ma sa'o'in yaran da na koyar ne. Nan da nan suka laƙaba mini suna Baban Aji.

Jiya ni ke riƙe da alli, yau ni ke ɗaga hannu in nemi izinin magana. Jiya ni ke duba rubutun mutane da jan alƙalami, yau nawa a ke dubawa. Saboda haka abin da ku ke ji in an kira ku gaban allo, na san shi sarai.

A kwalejin akwai wani ɗaki inda ɗalibai ke taruwa tsakanin la'asar da magariba, suna wani wasa da a ke kira judo. Su kan sa farar riga mai kauri da farin wando, su ci ɗamara, su yi ta kā da juna. Ni kuwa sa'ad da na ke yaro na yi kokawa ƙwarai a dandalin ƙauyenmu, in kaka ta yi, ga farin wata. Sai na ce bari in shiga, ko jiki ya warware.

Ran da na fara zuwa, ina jira a ba ni abokin karawa. Sai mai koyarwa ya ce, "Malam, kwanta." Na kwanta. Ya nuna mini yadda a ke faɗuwa. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Muka yi makonni, mu sababbin shiga, ba mu kā da kowa ba. Aikinmu ke nan, mu faɗi mu tashi, mu faɗi mu tashi.

Da na nemi dalili, sai aka ba ni labarin wanda ya kafa wasan.

3. Wani mutum mai suna Kano

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Sin. Babban birninta Tokiyo. A ƙasar nan aka haifi wani mutum a 1860, sunansa Jigoro Kano. Kada ku ce Bakano ne. Sunan gidansu ne ya zo ɗaya da sunan birninmu, ba abin da ya haɗa su.

Kano ya tashi ɗan ƙaramin jiki, amma ga kai. A makaranta manyan yara suka riƙa cin zalinsa. Saboda haka ya ƙudura sai ya koyi wata tsohuwar kokawar ƙasarsu da a ke kira jujutsu. A 1877, yana ɗalibin jami'a, ya sami wani malami mai suna Fukuda. Koyarwar malamin nan ba ta da yawan magana. Ya kan yi ta kā da almajiri har almajirin ya gane dabarar da jikinsa.

A cikin almajiran akwai wani ƙato da ya gagari Kano. Ya gwada duk dabarar da ya sani, a banza. Sai ya koma ga littattafai. A cikin wani littafi na kokawar Turawa ya ga yadda a ke shiga ƙarƙashin mutum a ɗauke shi a kafaɗa. Ya zo ya gwada, sai ga ƙato a ƙasa. Kun ji inda karatu ya yi wa ɗan kokawa rana.

Fukuda ya rasu a 1879. Iyalinsa suka danƙa wa Kano takardun da aka rubuta dabarun gidan a ciki. Da ba a rubuta su ba, da waɗansu sun bi mai su kabari.

A 1882 Kano ya buɗe tasa makaranta a wani ɗaki na gidan ibada a Tokiyo. Faɗin wurin tabarma 12 ne, almajiransa tara. Ya sa mata suna Kodokan, watau wurin koyon hanya. Ya tace tsohuwar kokawa, ya ware dabarun da ke karya mutum daga wasan yau da kullum, ya bar waɗanda za a yi da aboki a tashi lafiya. Ya kira abin judo, watau hanyar taushi.

Ainihin sana'ar Kano koyarwa ce. Ya yi fiye da shekara 20 yana shugaban babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo. Shi ya sa ya tsara wasan kamar makaranta, hawa hawa. Sabon shiga ya kan ci farar ɗamara, gwani ya ci baƙa. Ya bar wa almajiransa ka'ida biyu. Ta fari, ka yi aiki da ƙarfinka inda zai fi amfani, kada ka zubar da shi a banza. Ta biyu, ka amfana, abokinka ma ya amfana. Ya rasu a 1938, cikin jirgin ruwa, yana komawa gida. A 1964 aka shigar da judo cikin wasannin Olamfik, da aka yi a Tokiyo. Yau ana yinsa ko'ina a duniya, har da Nijeriya da Nijar.

4. Yadda a ke faɗuwa

Mu a wajenmu faɗuwa ita ce ƙarshen magana. A dambe, in mutum ya kai ƙasa, sai a ce an yi kisa, ko da turmin fari ne. A kokawa, in an kā da kai, sai ka kaɗe jiki ka fita fage. A judo ma haka ne ran gasa, wanda aka maka bayansa da ƙasa an cinye shi. Amma ran koyo dabam ne. Faɗuwa ce darasin farko, suna kiranta ukemi.

Ga yadda ta ke. Ka kafa haɓarka a ƙirji, don kada ƙeya ta bugi ƙasa. Ka lanƙwasa baya kamar ƙwarya, don ka mirgina. Sa'ad da bayanka zai taɓa tabarma, ka daki tabarmar da hannu duka, tun daga tafi har damtse, don nauyi ya bazu. Abu guda ne aka hana: kada ka miƙe hannu ƙyam ka tokare ƙasa don gudun faɗuwa. Mai yin haka shi ke karya wuyan hannu.

Ba a tsaye a ke farawa ba. A kan fara a kwance, sa'an nan a zaune, sa'an nan a tsugune, sa'an nan a tsaye. Sai jiki ya saba, kāna a bari wani ya kā da kai. Ana yin wannan a kan tabarmi masu kauri, gaban mai koyarwa. Kada wani ya je ya gwada a kan daɓe.

To, me ya sa a ke fara wannan? Domin mai tsoron faɗuwa ba ya koyon kome. Jikinsa ya kan sandare, ya yi ta ja da baya, ba ya kai hari. Amma wanda ya san ko ya faɗi zai tashi lafiya, shi ke shiga da gaba gaɗi, ya gwada sabuwar dabara. In ta ƙi, ya faɗi, ya tashi, ya sake.

Mu ma in mun duba, haka abin ya ke a gida. A Nijar ana gasar kokawa ta neman takobi tun 1975, da aka fara ta a Tawa. Duk wanda kuka ga ya ɗaga takobin nan, ya sha ƙasa ba iyaka tun yana yaro. Ran cin nasara kowa ke gani. Ranakun shan ƙasa kuwa shi kaɗai ya san yawansu.

5. Rubutu ma haka ne

Hawa huɗun nan na faɗuwa, akwai su a ajinku. Riƙon fensir da zana layi da da'ira, kwance ke nan. Wasula biyar, a e i o u, da baƙaƙe, zaune ke nan. Haɗa gaɓa, ba be bi bo bu, tsugune ke nan. Kalma da jimla da wasiƙa, tsaye ke nan. Wanda ya yi makarantar allo, hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu, yanzu an ce ya juya. Ba mamaki ya yi tuntuɓe. Da rarrafe yaro kan tashi.

Kuskure a rubutu ba abin wasa ba ne, shi ya sa a ke gyara shi. Ku dubi baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Kafa dabam, ƙafa dabam. Baki dabam, baƙi dabam. In ka rubuta wa mutum, "Gobe ka zo fada," zai zo da babbar riga. In ka sa wa d ƙugiya, ya zama, "Gobe ka zo faɗa," zai zo da sanda. Gara ka yi wannan kuskure a aji, a kan tabarma, da ka yi shi a wasiƙa, a kan daɓe.

Akwai mugunyar faɗuwa iri uku a aji. Mutum ya rufe littafinsa da hannu kada malam ya gani. Ko ya yage shafin da ya yi kuskure. Ko ya leƙa na maƙwabci ya kwafa. Duk ukun nan tokare ƙasa ne da hannu. Mai yinsu yana tsammani ya tsira, alhali karatunsa ya karya.

Kyakkyawar faɗuwa kuwa ga ta. Ka ja layi ɗaya a kan kalmar da ta ɓaci. Ka rubuta daidai a bisanta. Ka karanta ta sau uku da ƙarfi. Ka bar shafin inda ya ke. Bayan wata guda ka koma ka duba, za ka ga nisan tafiyar da ka yi.

Kada ku zaci masu ilmi sau ɗaya su ke rubutu ya fito sumul. A kwaleji, malaminmu na rubutu ya kan ce mu kawo rubutun fari tare da na ƙarshe, don ya ga hanyar da muka bi. Wanda ya kawo na ƙarshe kaɗai, fes ba gyara, shi malam ya fi tuhuma.

Saboda haka in za ku rubuta wasiƙa, ku bi wannan hanya:

Na ɗaya, ka faɗi maganar da baki tukuna, kamar mutumin yana gabanka.
Na biyu, ka rubuta ta yadda ta zo, kada ka tsaya tsoron kuskure.
Na uku, ka karanta wa abokin karatunka, shi ma ya karanta maka tasa, ku gyara wa juna.
Na huɗu, ka kwafe ta a takarda mai tsabta.

Ku tuna da ka'idar Kano ta fari. Kada ku zubar da ƙarfi a banza. In kalma uku za su isar da saƙo, kada ku sa goma. Kuma layi uku kowace rana sun fi shafi uku ran Juma'a kaɗai. Ga kuma wata al'ada ta 'yan judo. In an danne mutum ya ji ba zai iya ba, sai ya taɓa tabarma ko jikin abokinsa sau biyu, nan take a sake shi. Ba mai yi masa dariya. A aji, taɓa tabarma shi ne ka ce, "Malam, ban gane ba, a maimaita." Matambayi ba ya ɓata.

6. 'Ya'ya suna kallo

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome nauyi. Magidanci ya kan ce, "Ina jin kunyar 'ya'yana su ga ina haɗa baƙi kamar ɗan aji ɗaya." To, ku saurara.

Ku dubi sunayen 'yan dambe. Za ku ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Kowa yana ɗauke da sunan maigidansa, wanda ya koya masa naɗin hannu da tsayuwa. In ka ga yadda yaro ke riƙe garkuwa, ka san gidan da ya fito. To, ɗanka shagonka ne, 'yarki shagonki ce. Abin da su ke gani ya fi abin da su ke ji shiga.

Sa'ad da na ke kwaleji, da dare na kan shimfiɗa tabarma in yi aikin da aka ba mu. Ban taɓa ce wa yara su zo ba. Ba a yi mako biyu ba sai ga babbar 'yata, mai shekara takwas, ta jawo littafinta ta zauna gefena. Ƙanenta ya biyo ta. Har ɗan autan, da bai san kome ba, ya sami gawayi yana zane a ƙasa. Uwarsu kuwa ita ta ɗauki nauyin gida a shekarun nan, ita ke lallaɓa ɗan abin da ke hannu har wata ya mutu. Duk mai komawa makaranta ya sani ba shi kaɗai ke karatun ba, ya riƙa gode wa mai riƙe masa gida. In ya koyi abu, ya koya mata. In ita ke zuwa aji, ya riƙe mata yara sa'a guda. Ka'idar Kano ta biyu ke nan.

Shi kansa Kano, ɗansa Risei ya shugabanci Kodokan daga 1946 zuwa 1980, jikansa kuma ya gaje shi. Malam Fukuda ma ya bar jika mace, sunanta Keiko Fukuda. An haife ta a 1913, ba ta ko ga kakanta ba, labarinsa ta ji a gida. Ta koyi judo a makarantar Kano, ta koma Amurka tana koyarwa, ba ta daina ba har ta rasu a 2013 tana da shekara 99. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan magana kuwa ba ta ware 'ya mace ba.

In ɗanka yana makaranta, ya fi ka sanin baƙi, ka kira shi ka ce, "Zo nuna mini wannan." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Girmanka ba zai ragu ba. Yaron zai ga karatunsa yana da daraja, tun da har Baba yana nema. Zai kuma ga yadda babba ke karɓar gyara ba tare da fushi ba. Wannan darasi ba a samunsa a littafi.

Sa'an nan yaro ma zai faɗi. Zai fasa tulu, zai ɓatar da aika, zai faɗi jarrabawa. A nan akwai abin koyi wurin 'yan judo. In mutum ya kā da abokinsa wajen koyo, ba ya sakin hannun rigarsa. Ya kan riƙe shi gam, ya ɗan ja sama, don kada kansa ya bugu. Ya kā da shi, amma yana riƙe da shi. Haka horo ya kamata ya zama. Ka nuna wa yaro laifinsa sosai, kada ka ɓoye. Ka sa shi ya gyara abin da ya ɓata. Amma kada ka saki hannun rigarsa. Kada ka ce masa daƙiƙi. Kada ka tozarta shi gaban baƙi. Kada ka cire shi daga makaranta don ya faɗi sau ɗaya.

Yaron da a ke duka a kan kowane kuskure, ba daina kuskure ya kan koya ba, ɓoye shi ya kan koya. Shi ne zai ɓoye takardar sakamako, ya yi ƙarya, ya daina tambaya. In ya girma, shi ne babban da zai gudu daga aji don an yi masa dariya. Duniya daɓe ce, za ta buge shi ko ba jima ko ba daɗe. Gida ya kamata ya zama tabarmarsa, inda zai koyi faɗuwa tun ƙashinsa yana da taushi.

In kuwa yaro ya taso da taurin kai, ku tuna ma'anar judo. Ɗan judo ba ya tare ƙarfi da ƙarfi. In an tura shi sai ya ja, in an ja shi sai ya tura. In yaro yana cikin fushi, kai ma ka hau shi da fushi, an yi karon raguna ke nan, ba mai jin wani. Ka bari ya huce. Da dare, bayan an ci tuwo, ka kira shi gefe ku yi magana. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma a hankali a ke yi. In an yi da garaje, ɗanyen ma ya kan karye.

To, jama'a, kun ga igiyar. Mai koyon rubutu, da mai renon ɗa, da mai koyon kokawa, duka sai sun sha ƙasa. Ba wanda ya isa ya hana wannan. Abin da ke hannun mutum shi ne yadda zai faɗi, da ko zai tashi. Kowannenku ya san wani da kuka fara ajin nan tare, yanzu ba ya zuwa. Kada ku yi masa ba'a. Ku je gidansa yau da yamma, ku karanta masa wannan darasi, ku gaya masa wurinsa yana nan a kan tabarma. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sababbin kalmomi

Japan, Tokiyo, judo, ukemi, ɗamara, kwaleji, ka'ida, tsibiri, ƙugiya.

Tambayoyi

1. Mene ne ya fi korar manya daga aji?
2. Shekarun Kimani Maruge nawa sa'ad da ya shiga aji ɗaya?
3. A wace shekara Jigoro Kano ya buɗe makarantarsa? Almajiransa nawa?
4. Ina Kano ya samo dabarar da ya kā da ƙaton nan?
5. Don me a ke fara koya wa ɗan judo faɗuwa?
6. Faɗi mugunyar faɗuwa iri uku a aji.
7. Me ya sa mai kayarwa ba ya sakin hannun rigar abokinsa? Ina darasin iyaye a ciki?

Aiki

(a) Rubuta waɗannan sau uku uku: fada, faɗa; kafa, ƙafa; baki, baƙi. Sa kowace kalma cikin jimla.
(b) Kano ya rayu daga 1860 zuwa 1938. Cire ƙaramar lamba daga babbar, ka rubuta amsa.
(c) Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga ɗanka ko 'yarka. Ka bi hanya huɗun nan da aka nuna. Ran aji mai zuwa ka kawo takardun duka biyu, ta fari mai gyare-gyare da ta ƙarshe mai tsabta.